Allurar rage ƙiba ta iso Zango, saura gyaran tukunya

Duk mai riƙe da waya a Aboabo ko Asawase, a nan Kumasi, ya ci karo da irin bidiyon nan: mace ta nuna hotonta na bara, ta nuna na bana, ta ce allura ce sau ɗaya a mako ta yi mata wannan aiki. Daga nan sai cigiya ta tashi, wa ke da ɗan'uwa a Ingila ko Amurka da zai aiko da ita, wane kantin magani ne ke da ita a Adum. Ban ga laifin masu cigiyar ba, domin maganin yana aiki. Damuwata ita ce rabin labarin ake ba mutane, rabin da ake bari kuwa shi ya fi shafarmu.

Sunan maganin semaglutide, na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark. Amurka ta amince da shi a 2017 da sunan Ozempic don ciwon sukari, a 2021 kuma da sunan Wegovy don rage ƙiba. Yana kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke saki bayan an ci abinci, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya kuma sa abinci ya daɗe a ciki. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, an bibiyi mutum 1,961 tsawon mako 68. Waɗanda aka yi wa allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki kuma kashi 2.4. Wato mai kilo 100 ya koma wajen 85.

Ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Kowa a gwajin nan, duk bayan mako huɗu sai an zauna da shi an tattauna cimarsa, an umarce shi ya rage kalori 500 a rana, ya kuma motsa jiki minti 150 a mako. Da rakiya aka gwada maganin. Da aka dakatar da allurar da rakiyar, aka koma duba wasu daga cikinsu bayan shekara guda, sai aka tarar kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo. Wani bincike a Denmark da ɗan'uwan maganin, liraglutide, ya nuna waɗanda suka haɗa allura da motsa jiki sun fi masu allura kaɗai riƙe raguwar da suka samu. Shi ya sa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta kan waɗannan magunguna a Disamba 2025, ta haɗa da shawarar a riƙa ba da su tare da tsayayyen shiri na gyaran cima, motsa jiki da bibiya.

Matsalar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Ghana a 2022 ya nuna kusan rabin mata masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Mu kuwa mun tashi muna yabon jiki. Amarya ta murje, a ce miji na kula da ita. Ta faɗa kaɗan, a ja ta gefe a ce, "Lafiya kuwa? Ko wani abu ke damunki?" Har yau akwai 'yan matan da ke shan maganin ƙara ƙiba kafin biki. Matar da ta fara rage jiki a irin wannan unguwa tana fama da yunwa, tana kuma fama da bakin mutane.

A ɗauki 'yar kasuwa a Kejetia. Da sassafe koko mai sukari da ƙosai. Pragya, wato keke mai ƙafa uku, ta sauke ta a bakin kasuwa, ta zauna a kujera har la'asar. Da rana waakye da taliya da gari da ganda, a kora da lemon kwalba mai sanyi saboda zafi. Ta koma gida a gajiye, tuwo bayan Isha'i, sai kwanciya. Idan ta fara allura, cinta zai ragu sosai, wannan ba shakka. To ɗan abin da take iya ci, me zai kasance? In burodi da shayi mai sukari ne, saboda shi kaɗai ke shiga in zuciya na tashi, kilo zai sauka, amma tare da kitsen har tsoka za ta tafi. Ranar da ta daina allurar, kitsen ne zai fara dawowa. Wani ne ya kamata ya zauna da ita ya nuna mata cewa wake, kifi, ƙwai da wagashi su za su riƙe mata ƙarfi, cewa miyar ayoyo ba ta da laifi, malmalar tuwon ce za a rage da man da ke iyo a kai. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da sai an aiko daga Landan.

Kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidajenmu. Ba za ta riƙa girki biyu kullum ba, ga tsadar gawayi da gas. In maigida ya ce shi ba zai ci miya ba mai ba, in uwar miji ta ce, "Ci mana 'yar nan, ko kin raina abincina ne?", shawarar asibiti a bakin ƙofa za ta tsaya. Saboda haka nake ganin duk likitan da zai rubuta wannan magani ya nemi a zo da wanda ke riƙe da kuɗin cefane, ko da sau ɗaya ne.

Akwai masu cewa allurar ragwanci ce, mutum ya kame bakinsa kawai. Ban yarda da su ba. Jikin da ya rage nauyi yana ƙara jin yunwa, yana kuma rage ƙona abin da aka ci, yana neman komawa inda ya saba. Gyaran cima da tafiya suna da amfani babba: wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna sun rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100 ga masu haɗarin kamuwa, alhali maganin metformin kashi 31 ya rage. Amma dattijuwa mai kilo 120, ga hawan jini, ga gwiwa da ba ta barinta ta yi sujada sai a kujera, ka ce mata ta je ta yi ta zagaye fili, ba ka yi mata adalci ba. Ita magani ne zai sauke mata nauyin da zai ba ta damar fara tafiyar. An yi shi ne don irinta, masu ma'aunin BMI (awon nauyi da tsayi) 30 zuwa sama, ko 27 in akwai wata cuta tare, ba don budurwar da ke son anko ya zauna mata ba.

Sai batun kuɗi. Farashinsa ya fi ƙarfin yawancin gidajen Zango, kuma magani ne na dogon lokaci, kamar na hawan jini. Wanda ya tattara kuɗin adashi ya sayi na wata biyu ya tsaya, kusan asara ya yi. Tsadar ce kuma ke buɗe ƙofa ga jabu: a Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan semaglutide na jabu da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka. Wanda ya sayi allura a hannun mai talla a WhatsApp bai san me ke ciki ba, bai san ko ta kwana a firji ba, a garin da wuta ke ɗaukewa. Ko allurar gaskiya ma tana iya sa tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin ciki, wani lokaci tsakuwar matsarmama. Mai ciki ba ta yin ta. Mai ciwon sukari da ke kan insulin kuma ya ga likita kafin azumi ya kama, kada sukarinsa ya faɗi da rana tsaka.

Rakiyar ita ce ɓangaren da muke da ikonsa yanzu. Asibitin Komfo Anokye na da masana cima, amma ba za su iya ɗaukar Kumasi gaba ɗaya ba. Muna da makarantun Islamiyya na matan aure da ke cika duk ƙarshen mako, muna da ƙungiyoyin adashi, muna da masallatai a kowane lungu. Ma'aikaciyar jinya ɗaya da sikeli da na'urar awon jini, tana zuwa sau ɗaya a wata, za ta yi abin da ya yi kama da bibiyar da aka yi a wancan gwaji. Mata biyar da suka yi alkawarin fita tare bayan Asuba ba sa barin ɗaya ta yi fashi, kuma babu mai yi musu kallon banza kamar yadda ake yi wa mace guda.

Tun 2023 gwamnati ke karɓar harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemukan da aka zuba wa sukari. Daga aljihun masu shan lemon nan kuɗin ke fita, har da 'yar kasuwar Kejetia. Ya kamata 'yan majalisarmu su nemi a ware wani kaso daga ciki don ɗaukar masana cima a ƙananan asibitocin unguwa, a kuma sa ganinsu a cikin inshorar lafiya ta NHIS ba tare da mutum ya ƙara ko sidi ɗaya ba.