Lambar H02K ba ta isa ta auna ƙarfin masana'antar injinan lantarki ba

Duk takardar mallakar ƙirƙira da ta fito daga manyan ofisoshin rajista na duniya tana ɗauke da wasu haruffa da lambobi a shafinta na farko, waɗanda ke nuna fannin fasahar da ta shafa. Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar Strasbourg ta 1971, kuma WIPO, hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya da ke Geneva, ce ke kula da shi. An kasa fasaha gida takwas, daga A zuwa H, inda H ya tattara harkar lantarki. A ƙarƙashinsa ake samun H02K, rukunin injinan da ke juyawa idan an ba su wuta, kamar na cikin fanka da famfon rijiyar burtsatse, tare da janareta, wanda ake juya shi ya ba da wuta. Lamarin ba ƙarami ba ne, domin rahoton hukumar makamashi ta duniya na 2011 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan injina da na'urorin da suke turawa suna shan kashi 43 zuwa 46 cikin ɗari na wutar da duniya ke amfani da ita.

An tsara rukunin daki-daki, yadda duk injiniya zai gane hanyarsa. H02K 1 na ƙarfen da ƙarfin maganaɗisu ke ratsawa ne, H02K 3 na naɗin waya, H02K 9 na sanyaya inji, H02K 15 kuwa na dabarun ƙerawa da harhaɗawa da gyara. Sarrafa gudun injin yana wani gida daban, wato H02P. Har ma an ware H02K 53 domin injinan da masu su ke iƙirarin za su yi ta juyawa ba tare da an ba su makamashi ba, kuma ya kamata duk mai sha'awar labarin "janareta marar shan mai" ya san cewa samun lamba a wannan jeri ba shaida ba ce cewa abin yana aiki.

Matsalar tana tasowa ne lokacin da masu tsara tattalin arziki suka ɗauki waɗannan lambobi suna son auna masana'antu da su. Ƙididdigar masana'antu tana da nata jadawalin, ISIC na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a bugunsa na 2008 ya sa masu ƙera injinan juyi da janareta da taransifoma a aji 2710. Kwastam kuma suna da nasu: 8501 na injin juyi da janareta zalla, 8502 na janareta haɗe da injin da ke tura shi. Mai gaggawa zai ce H02K daidai yake da 2710, ya ƙirga takardu ya yanke hukunci. A ganina wannan kuskure ne babba, domin lambar ƙirƙira tana faɗin yadda abu yake aiki, ba ta faɗin wane ne zai ƙera shi ko wane ne zai saye shi.

Kamfanin Toyota yana da ɗimbin takardu kan injinan juyi na motocinsa masu haɗa fetur da batir, amma a ƙididdiga mai ƙera motoci ne, aji 2910. Kamfanin Dyson ya ƙirƙiri ƙaramin inji mai tsananin gudu saboda na'urar tsotse ƙura, sana'arsa kuwa kayan gida ce. Shi kansa jadawalin ISIC ya fitar da altaneta da injin tayar da mota daga 2710 ya kai su 2930, cikin kayan gyaran mota, alhali a idon mai duba ƙirƙira injinan H02K ne. Janaretan da ke saman turken iska kuma takardarsa kan ɗauki H02K tare da F03D, lambar injinan da iska ke juyawa, a lokaci guda. To, wace masana'anta za a ba wannan maki?

Masana sun daɗe da sanin wannan giɓi. Daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1990, ofishin rajista na Kanada ya riƙa sa wa kowace takarda alamar masana'antar da za ta ƙera abin da kuma wadda za ta yi amfani da shi, kuma a kan wannan aka gina jadawalin daidaitawa na jami'ar Yale. A 2003 Ulrich Schmoch da abokan aikinsa suka fitar da wani mai sassa 44 domin Tarayyar Turai, sannan a 2014 Travis Lybbert da Nikolas Zolas suka zo da hanyar da kwamfuta ke gwada kalmomin takardu da bayanin masana'antu, ta raba kowace lamba tsakanin sassa da yawa gwargwadon yiwuwa. Aiki ne mai daraja, kuma na fi yarda da wanda ke rabawa fiye da wanda ke ɗaure lamba ɗaya ga masana'anta ɗaya. Sai dai dukkansu an ɗinka su ne a jikin ƙasashen da manyan kamfanoni ke shigar da dubban takardu, kuma rigar da aka auna da Kanada ko Jamus ba lallai ta zauna a jikin kowa ba.

A Najeriya abin ya fi fitowa fili. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 ba ta ɗora wa magatakarda binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce kafin ya ba da takarda ba, don haka yawan takardun gida ba ya nuna ingancinsu. Sannan ƙwarewar da ke hannu a kan waɗannan injina ta fi yawa a wajen masu naɗin kwayil. Mutum ne zai buɗe injin niƙa da ya ƙone, ya yanke baƙar wayar, ya ƙirga zagayen da ke kowane rami, ya auna kaurin wayar, ya shimfiɗa sabuwar takardar da ke raba waya da ƙarfe, ya naɗa, ya shafe da banish ya busar. A jadawalin ISIC aikinsa yana aji 3314, gyaran kayan lantarki, kuma bai taɓa shigar da takarda ba. Duk taswirar da ta tashi daga H02K ta sauka a 2710 za ta nuna wurinsa fayau.

Amfanin lambar a gare mu yana wajen karatu. Wa'adin mallaka shekara 20 ne, kuma kariyar ba ta wuce ƙasashen da aka nema aka samu ba. Takardun mai ƙirƙira Nikola Tesla na 1888 kan injinan juyi sun daɗe da zama na kowa, haka ma na farko kan maganaɗisun neodymium na shekarun 1980. Rumbunan takardun ƙirƙira na Espacenet da Patentscope kyauta ne a intanet, kuma malamin kwalejin kimiyya da fasaha da ya rubuta H02K 15 ko H02K 9 zai samu zane da bayani kan naɗi da sanyaya inji, abin da ɗalibansa ke buƙata a ƙasa mai zafi da ƙura. Ma'aikatar da ke son sanin ƙarfin wannan fanni kuwa sai ta haɗa alƙaluman kwastam na 8501 zuwa 8503 (na sassan waɗannan injina) da ƙidayar shagunan gyara da yawan wayar naɗi da ake shigowa da ita, kafin ta waiwayi adadin takardun ƙirƙira.