Sitona na Ƙarƙashin Bene

Duk wanda ya gina bene a Kano ya san akwai lungu ɗaya da magini ke bar maka kyauta, ba ya cikin lissafi, wato ƙarƙashin matakala. A gidanmu na Hotoro matakalar a falo take, a buɗe, mai hawa 17, kuma ƙarƙashinta ne duk abin da ya gaji da aiki yake zuwa ya yi ritaya: takalmi wari ɗaya, keken Abba mara sarƙa, fankar da ta ƙone tun muna gidan haya, jarkokin manja da ba manja. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa cewa wurin nasa ne. Ranar da na furta cewa zan rufe shi in yi sito, sai ya koma kamar gonar gado, magada suka fito ta ko'ina.

Maman Abba ta ce firizarta za ta saka, tunda tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma firizar ta cinye rabin kicin. Hajiya, mahaifiyata, ta aiko a gaya mini manyan tukwanenta na biki sun daɗe suna shan raɓa a tsakar gida. Abba ya ce tantabaru. Ni kuwa janareta nake nufi, don na gaji da kinkimar shi safe da yamma saboda masu ɗauke-ɗauke. Maƙwabcinmu, ma'aikacin asibiti ne, shi ya kashe mini magana a bakin masallaci. Ya ce, "Alhaji, gubar da ke cikin hayaƙin janareta ba ta da wari, ba ta da launi. Gida guda ake wayar gari a kwasa." Na dawo na sanar da iyali cewa na janye takarata don zaman lafiya. Aka kori Abba da tantabarunsa, aka raba wurin tsakanin uwa da mata, ni aka bar mini biyan kuɗi.

Da bulo na so a yi, inci 6, a shafe a yi fenti. Amma farkon 2024 ne, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000. Birkila na gama lissafi na yi masa godiya, na raka shi har bakin titi. Sai na kira kafintan unguwarmu.

Ya zo da fensir a kunne da tef a aljihu, amma tef ɗin bai fito ba. Da taƙi ya auna, yana kaɗa kai, yana cewa, "Wannan ai ƙaramin aiki ne, Alhaji." Muka je 'yan katako a Na'ibawa muka jido tu-bai-tu da fallayen filawud, muka biya Ƙofar Ruwa muka sayi ƙusa da sakata da kwaɗo. A nan na fara koyon lissafin da na gudu na bari a sakandare. Fallen filawud ƙafa 8 ne da 4, kusurwa huɗu cif. Ƙarƙashin matakala kuwa kusurwa uku ne, daga wajen ƙafa 8 yake gangarowa har ya zama babu. Saboda haka kowane falle sai an yanke shi a karkace, kuma kowane yanki da ya faɗi ƙasa, kafin in ɗaga ido yaron kafinta ya jingine shi a bakin ƙofa. Na tambaya, aka ce mini "ɓarnar aiki ce". Daga baya na ga ɓarnar aikin ta zama benci a shagonsu, har na zauna a kai.

Sai maganar ƙofa. Kafinta ya ce a sa ta a ɓangaren da ya fi tsayi, mutum ya shiga a miƙe. Na ce a'a, a tsakiya za a sa, don baƙo in ya zauna a kujera ya ga abu daidai wa daida. Ya ce, "Alhaji, ƙafa 4 za ta zama." Na ce sunkuyo ba ya kashe mutum. Har gobe ina nan a kan bakana, ƙofar ta yi kyau daga kan kujera.

Da aka zo saka firiza aka ga ta fi ƙofar faɗi. Kafinta bai ko girgiza ba. Ya ce a tura ta ciki tukuna, a buga katako a kanta. Wajen tsayin kuwa an riga an kafa wa tukwanen Hajiya kanta mai hawa uku, kuma ba a haifi wanda zai ce a matsar da tukwanen Hajiya ba. Aka tura firiza ƙasa-ƙasa, aka buga, aka yi fenti ruwan madara. Na tsaya na riƙe ƙugu, na ɗauki hoto na tura wa 'yan'uwa a WhatsApp.

Da yamma Maman Abba ta sunkuya ta shiga ɗauko ƙanƙara. Na ji ƙum, sai shiru, sannan, "Baban Abba, zo ka ga ikon Allah." Firizar mai murfin sama ce. Murfin na ɗagawa taƙi ɗaya yake dukan cikin matakala ya tsaya. Hannu na shiga, kai ba ya shiga, ido ba ya gani. Tun daga ranar sana'ar ta koma lalube. Yaro ya zo sayen zoɓo, a zura hannu, abin da Allah ya ba shi, wataƙila kunun aya, wataƙila ƙafar saniyar da muka ajiye tun babbar salla.

Ba mu gama da wannan ba aka ɗauke wuta. Na tayar da janareta, na dawo in juya canji-oba, sai na tsaya a tsakiyar falo ina kallon fenti. Abin yana jikin bango, can ƙarshen lungu, bayan firiza, inda matakala ta kusa taɓa ƙasa. Mu huɗu muka yi ta kaiwa da kawowa a gabansa lokacin aikin, ba wanda ya ce uffan. Na tuɓe babbar riga, na kwanta a kan murfin firiza, na ja ciki da fitilar waya a baki. Ina juyawa aka dawo da wuta.

Wanda ya san wutar Kano ya san wannan ba aikin mai tumbi ba ne. Na ɗauki Abba aiki, naira 100 duk shiga. Da ya ga ba ni da wani, sai ya mayar 200, wai tun da aka cire tallafin mai komai ya tashi. Yaron da aka hana wurin tantabaru, shi kaɗai ke cin ribar sito.

Watan Afrilu ya kama, zafi ya kai digiri 40, injin firiza ya shiga gurnani dare da rana don ba inda iska ke shiga, ƙanƙara ta fara zama ruwa. Kafinta ya dawo ya huda ramuka a jere, ya karɓi kuɗin huji. Iska ta shiga, ɓeraye suka bi ta. Aka aro kyanwa daga gidan ƙanwata. Ɓera dai ban ga ta kama ba, amma ta haihu 'ya'ya huɗu a cikin babbar tukunyar Hajiya, kuma Hajiya ta ce ba a tayar da mai jego. Bikin ɗiyar ƙanena da aka yi bayan nan, hayar tukunya muka yi.

Rannan wani abokin aikina, wanda tun bara yake riƙe mini bashi yana ce mini gobe, ya zo gida. Ya zauna a kujerar nan, ya ƙura wa sito ido, ya ce, "Kai Alhaji, wannan aiki ya yi! Ni ma matakalata a buɗe take. Wa ya yi maka?" Maman Abba ta buɗe baki daga ƙofar kicin, na yi mata ido. Na karanto masa lambar kafinta a hankali, na maimaita, na kuma ba shi shawara ya sa ƙofar a tsakiya.