Ku 'yan kabu-kabu, wa ya taɓa jin an yi wa mashin kiranye a ƙasar nan?

Jama'a yau dai sai na amayar da abin da ke cina tun watan azumi. Ƙanena ya yi adashi shekara guda da rabi, ya haɗa da kuɗin tumaki biyu da munka sayar a kasuwar Kara nan Sakkwato, ya sayi mashin sabo dal a kwali don ya fara kabu-kabu. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba kuma zan faɗi shagon ba. Sati uku kacal, yana gangarowa daga Arkilla da goyon wata dattijuwa da buhun gero, ya taka birkin baya sai ya ji ƙafarshi ta tafi ƙasa salin alin, sandar da ke jan birkin ta karye daga wurin walda. Allah ya tsare, da birkin hannu da jan ƙafa ya tsaya, silifas ɗaya ya tafi.

Da munka kai wa bakanikenmu ko mamaki bai yi ba. Ya juya ƙarfen ya ce, "Yaya, wanga shi ne na huɗu da na gani, duk waɗanda sunka zo a zubin nan haka suke, waldar ba ta kama ba." Na huɗu fa! A rumfa ɗaya. To rumfunan gyara nawa ne daga Mabera zuwa Runjin Sambo, balle Bodinga da Illela da Tambuwal? Munka koma wajen dila, ya karɓe mu da fara'a har da ruwan sanyi, amma maganar dai ita ce kaya in ya bar shago ya zama naka, wai ƙila yaron ne ke lodi fiye da ƙima.

Abin da ke ba ni haushi, a wasu ƙasashe irin wanga lamari yana da tsari. In kamfani ya gano wani zubi na kayanshi ya fito da aibi, dole ya yi shela, ya bi lambar chasis ya nemi masu shi ɗaya bayan ɗaya, a canza abin kyauta, shi ne kiranyen da nake nufi. A 2021 kamfanin Royal Enfield na Indiya ya kira babura sama da 236,000 saboda matsalar koyil ɗin da ke ba fulogi wuta. Harley-Davidson na Amurka, wanda kuɗin guda ɗaya zai sayi kabu-kabu cike da tasha, a 2018 ya kira wajen 238,000 saboda kuloci. Kai har Honda Gold Wing, wancan ƙaton babur mai jakar iska irin ta mota, bai tsira ba lokacin badaƙalar Takata, kamfanin Japan ɗin da jakunkunanshi ke fashewa suna watso ƙarfe har ya durƙushe a 2017. A Amurka akwai hukuma, NHTSA, ka shiga shafinta ka buga lambar chasis ta gaya maka ko ana neman abin hawanka.

Wani zai ce to ai wannan ya nuna kayansu ba su da kyau. Ni a ganina akasin haka ne. Duk wanda ke ƙera abu dubu ɗari-ɗari wata rana sai an samu kuskure, na yarda da wanda ya fito ya ce na yi kuskure ku kawo in gyara, fiye da wanda ya yi gum yana jiran bakanike ya rufa mashi asiri da walda ta naira ɗari biyar.

Mu nan ya muke auna nagartar mashin? Ka zauna majalisa ka ji. Wannan ya ce Boxer ba ta mutuwa, tana ɗaukar mutum uku da akuya. Wancan ya ce shi Jincheng ya sani tun zamanin babanshi. Wani TVS, wani Haojue, ma'aikaci kuma ya ce shi dai Honda tun da a Ota ta jihar Ogun ake haɗa ta. Duk gardamar a kan shan mai ne, da ko akwai kayan gyara a kusa, da ko za ta yi daraja in ka tashi sayarwa. Kuma ban ga laifinsu ba, da tsadar man nan dole mutum ya lissafa. Amma ban taɓa jin wanda ya ce na zaɓi kamfani kaza don in birki ya samu matsala za su neme ni ba.

Kuma gaskiya ko kamfanin na so ya neme mu, ta ina? Rasit ɗin ƙanena an rubuta lambar inji da lambar chasis da biro, sunanshi guda ɗaya, babu lambar waya, babu adireshi. Mashin ɗin a kwali ya zo, yara biyu sunka haɗa shi a bakin titi cikin awa ɗaya da sifana, ɗaya na ɗaure nati yana amsa waya. In gobe taya ta fita laifin wa za a ce, masana'anta ko yaron ko dila? Ga kayan gyara na jabu, kwali iri ɗaya tambari iri ɗaya, sai ya narke a zafin watan Afrilu ka gane. Ga mu kuma da kanmu, sai baƙin mai ya koma kamar kwalta sannan a juye. Cikin wanga ruɗani kowa ke samun wurin ɓuya.

Muna da SON mai duba ingancin kaya, muna da FCCPC da anka kafa da dokar 2018 don kare mai saye. Ɗan kabu-kabun da ke neman kuɗin cefane kafin azahar yaushe zai zauna rubuta ƙorafi? Nan ne nake ganin aikin ƙungiya. Kullum ana karɓar kuɗin tikiti, to a sayi littafi guda a ajiye a kowace tasha, duk wanda sabon mashin ɗinshi ya yi wani ciwo a rubuta iri da lambar chasis da abin da ya karye. In mutum talatin sunka tafi da takarda ɗaya, dila ba zai ba su ruwan sanyi ya sallame su ba.

Na ƙanena dai mun canza sandar da kuɗinmu, tsohuwar na nan cikin leda a ɗakina. Bakaniken ya yi man alkawarin duk wadda ta sake zuwa zai ajiye man ita da lambar mai mashin ɗin, zuwa jiya sun zama shida.