Ku Cire Iyafis, Inna Na Magana

Samarin garinmu da kuke karatu ko neman kuɗi a Kano, Dutse, Kaduna da Abuja, barkanku da Sallah. An ci naman layya, an yi yawo, motocin tasha sun fara kwashe ku ɗaya bayan ɗaya. Kafin ku gama watsewa ina da magana, kuma ba lallai ta yi muku daɗi ba. Da yawanku gangar jiki kawai kuka kawo mana gida. Kunnuwan a toshe suke da iyafis tun daga saukowa Idi har ranar komawa.

Kada wani ya ce tsoho ne da bai san daɗin kiɗa ba. Duk unguwar nan an san ni da son kiɗan rok, har yau abokan wasa na yi mini tsiya da shi. Tun muna makarantar kwana a shekarun 1980 ƙarar jitar lantarki ta shiga raina, kuma ga furfura ta cika gemu ba ta fita ba. Hukuncin kiɗa kuwa na bar wa malamai, sun yi bayaninsu, kowa ya san wanda yake bi. Tawa maganar a kan tarbiyya ce.

A zamaninmu rediyo mai kaset guda ɗaya ce ga samari goma. Kaset ɗin ma daga Sabon Garin Kano ake sayo shi, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har muryar mawaƙin ta fara ja. Da bairo muke juya shi don kada batir ya ƙare, batirin kuma in ya yi sanyi a shanya shi a rana. Amma ku lura da abu guda: kiɗan a fili yake. Idan dattijo ya doso dakali, wani zai miƙa hannu ya rage murya, mu durƙusa mu gaishe shi. Idan ladan ya ɗaga murya a danna a kashe. Idan aka kira ɗayanmu daga cikin gida, ko shi bai ji ba tara sun ji, za su ce tashi ana kira. Ba wai mun fi ku hankali ba ne, na'urar ce ba ta ba mu damar ɓuya ba. Taku ta ba ku, kun kuma karɓa hannu bibbiyu.

Washegarin Sallah na shiga gidan wani ɗan'uwana. Uwargida na bakin murhu tana suyar nama, hayaƙin ɗanyen itace ya sa idonta ya yi ja. Babban ɗanta, wanda ko sunansa ba ta faɗa saboda kunyar ɗan fari, yana kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ido a rufe, yana kaɗa ƙafa. Ta ce, "Kai yaron nan, miƙo mini itacen can." Shiru. Ta sake faɗa. Sai da ƙanwarsa ta je ta fizge wayar daga kunnensa. Ya zabura ya ce, "Haba Inna, mene ne kuma?" Ta dube shi ta ce, "Ba komai, ci gaba." Ta dafa gwiwa ta tashi ta ɗauko da kanta. Shi ya ɗauka magana ta wuce. Duk wanda ya san iyayenmu mata ya san wannan "ba komai" ta fi zagi nauyi. Alƙur'ani ya hana a ce wa iyaye ko da "uf", to ina ga wanda sai an fizge masa waya kafin ya san ana yi da shi?

Sannan abin da kuke ji ɗin, kun san tarihinsa kuwa? Rok a Amurka ya tashi a shekarun 1950, daga kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar, jikokin bayin da aka kwasa galibi daga yammacin Afirka. Shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin sa baƙo ƙwarai. Amma tarihin nan cike yake da kaburburan matasa. Jimi Hendrix, wanda har gobe ake cewa ba a yi makaɗin jita kamarsa ba, ya mutu a Landan a 1970 yana da shekara 27, bayan ya sha ƙwayoyin barci. Elvis Presley ya tafi a 1977 yana da 42, magunguna sun riga sun cinye jikinsa. Kurt Cobain ya kashe kansa a 1994, shi ma yana da 27, bayan doguwar fama da hodar iblis mai suna heroyin. Mutane ne masu kuɗi da likitoci da duniya a tafin hannu, ba su tsira ba. Kai da kake kurɓar kodin a bayan makarantar firamare, kodin ɗin da gwamnati ta haramta maganin tarinsa tun 2018, kana cewa sai da shi kiɗa ke shiga, wa zai tsaya maka? Ni yadda nake shan rake haka na ɗauki rok: na tsotse ruwan, na tofar da tuƙar.

Akwai kuma ɓangaren da ba a ba ku labari. A ranar 13 ga Yuli, 1985, manyan makaɗan rok sun taru a filin Wembley na Landan da kuma birnin Filadelfiya suka yi wasa don tara kuɗin taimakon masu fama da yunwa a Habasha. Mu nan ma farin shekarun ya taɓa mu, ku tambayi kakanninku abin da aka ci a 1984. Mawaƙin Ingila Cat Stevens ya musulunta a 1977 yana tsakiyar tashe, ya koma Yusuf Islam. Ba sai kun tsallaka teku ba ma. Ku bi ta Maigatari ku shiga Nijar ku nausa arewa, can ƙasar Buzaye akwai masu jita da Turawa ke biyan kuɗi su kalla. Ɗaya daga cikinsu, Mdou Moctar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, kuma ta memori da bulutut waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa, irin turin da kuke yi a shagon caji. Makaɗan ƙungiyar Tinariwen na arewacin Mali sun ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2012 da rawunansu a ka, da harshen iyayensu a baki. Babu wanda ya ce sai sun raina gida kafin duniya ta saurare su. Ku kuwa wata uku a birni, sai ka ji yaro na cewa kuntigi da kalangu kayan ƙauyawa ne, tuwon dawa ma yana sa shi ciwon ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hirar da kuke asara. Bayan sallar isha'i, in an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a nan ake faɗin abubuwan da ba a rubuta su ko'ina ba. Inda iyakar gonar gado ta tsaya, daga kukar nan zuwa tsohuwar rijiya. Yadda muke da mutanen ƙauyen gaba, wa ya haifi wa, wa ya shayar da wa, har aure ya haramta. Bashin takin bara da Baba bai gama biya ba, da akuyar da Inna ta sayar a kasuwar Gujungu don cika maka kuɗin rajista, ba ta taɓa faɗa maka ba. Bikin ƙanwarka da aka sa bayan kaka. Tsofaffi ba sa kiran taro su sanar da irin waɗannan, cikin hira suke sakin su, sau ɗaya, wanda ya ji ya ji. Ku je kotun shari'a ranar zama ku ga 'yan'uwa ciki ɗaya suna rantsuwa a kan taku biyar na gona, don mai sanin iyakar ya rasu kuma babu wanda ya zauna kusa da shi. Waƙar da ke cikin wayarka tana nan, ko shekara ashirin ka dawo za ka same ta yadda ka bar ta. Kaka ba haka take ba.

Sa'o'ina iyaye, mu ma da namu. Fasa wayar yaro da tsine masa a gaban ƙannensa bai taɓa gyara kowa ba, sai dai ya koyi ɓoyewa. Kuma da wane baki za ka yi faɗa, kai da kake majalisa kanka a sunkuye cikin WhatsApp, ana yi maka sallama kana amsawa da hanci? Ka kira shi ka ce ya sa maka abin da yake ji a sifika. In akwai batsa ka nuna masa wurin, ka faɗa masa dalili. In babu, ka bar shi, ka sa masa lokaci: ban da lokacin salla, ban da kan kwanon tuwo, ban da sanda babba ke magana.

Ku da ba ku tafi ba tukuna, shekarun nan Babbar Sallah a bakin damina take faɗowa, hannu ake nema. Ku bi Baba gona ko da safiya ɗaya ce, ku tambaye shi buhu nawa na taki ya samu bana. Ku tako zuwa wurin Gwaggo, zumunci a ƙafa yake, saƙon murya ba ya maye gurbinsa. Waɗanda suka riga suka koma, ku kira Inna, kada ku yi mata filashin ku jira ta kira da ɗan katinta.

Wanda kuma yake son jin jitar mutanen Agadas, ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya zo da memorinsa. Sai dai ku sani zan aika gidanku a tambayo mini ko an cika randa da safe.