Roba Biyu

Har yau in na kwanta ta gefen hagu ina jin warin baƙin mai a kunnena, saboda haka duk wanda zai zo mini jaje yana danne dariya, ya riƙe abinsa.

Ina da mota akori-kura. Sabuwa dal, garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Lokacin juyen baƙin mai ya yi, na ce da hannuna zan yi. Saura filta, matatar baƙin man: in sa ta kamfani ko in sayi ta waje. Tambayar da mai hankali zai gama da ita a minti biyu, ni sati uku ta ci mini.

A sati ukun nan na zama shehin malami. Na san cewa filta ba gwangwani ba ce kawai. A ciki akwai takardar tacewa, wata ta gargajiya, wata ta zaren roba mai kama datti ko da ƙanƙantarsa ta kai maikiron 20, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai wajen 70. Akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa idan takardar ta toshe ko mai ya yi kauri da sanyin safiya, don injin ya gwammace mai datti da a bar shi ba mai. Akwai kuma wani leɓen roba da ke hana mai zurarewa ƙasa idan an kashe mota, kada a tayar da ita da safe ƙarfe na gugar ƙarfe. Na silikon ya fi jure zafi. Har na gano cewa wajen murɗawar ma iri-iri ne, akwai 3/4-16 akwai M20x1.5, kuma don sun yi kusa da juna a girma, mutum na iya ɗaura wadda ba ta motarsa ba ya ɗauka ta zauna. Duk wanda ya gaishe ni a kwanakin nan sai da ya sha karatu. Maman yara ta kai in ta ji na ce "maikiron" sai ta tuna ta bar wani abu a ɗaki.

Ƙarshe na sayi ta waje, mai zaren roba, mai leɓen silikon, lambarta ta dace da littafin mota. Na adana rasit a leda, na rubuta kilomita da kwanan wata, saboda garanti.

Ranar aiki na sa farar riga. Da gangan. Nufina a gani cewa gwani ba ya ɓata jiki. Ƙanin maman yara ya zo, yara sun zagaye, sai kuma mutumin naku, maƙwabcina, wanda ba a gayyata ba, ya jawo kujerarsa ya zauna kamar an biya shi kuɗin kallo.

Na zubar da tsohon mai, na mayar da noti. Na kwance tsohuwar filta, na miƙa ta baya ba tare da na waiwaya ba, irin yadda likita ke miƙa almakashi. Maƙwabcin nan ne ya karɓa. Ku riƙe wannan. Na shafa wa robar da ta zagaye gindin sabuwar filta, mai hana yoyo, ɗan mai da yatsa, na murɗa da hannu har ta taɓa, na ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, ina yi ina bayani. Na zuba lita 7. Ko ɗigo babu a rigata.

Na ce da ƙanin maman yara ya shiga ya tayar. Ya ce, "Yaya, ba za ka matsa ba?" Na ce ai yanzu ne zan matso. Na durƙusa, na leƙa da kai har hancina na kusa taɓa filtar, na kira yara su zo su ga yadda aiki mai kyau yake. Mota ta tashi. Shiru. Na ɗaga yatsa sama na ce, "Kun gani?" Sannan bakina, wanda ba ya shawara da ni, ya ce, "Ɗan taka mata."

Ya taka.

Ban ji ƙara ba tukuna, wani ɗan "fiss" na fara ji, kamar maciji na gargaɗi. Kafin ƙwaƙwalwata ta fassara, mai ya fito ta gefen filtar a shimfiɗe kamar mafici, ya same ni daga goshi zuwa ƙirji. Kuma bakina a buɗe yake, don ina tsakiyar kalmar "silikon" ne. Ana ce masa baƙin mai, amma sabo ruwan zinare ne, kuma ina mai shaida muku ba shi da daɗi. Na zabura zan miƙe, na manta a ƙarƙashin mota nake, kaina ya gaisa da ƙarfe. Na koma ƙasa, tafin hannuna ya sauka cikin mai, ya zame, na kwanta rigingine, man kuma bai fasa ba, yanzu kunne yake nema. Ina ihun "Kashe! Kashe!", shi kuma na ciki, gilashi a rufe, ya ji kamar "Ƙara! Ƙara!" Allah Ya sa jar fitilar nan mai kama da buta ta kama a gabansa, ya tsorata ya murɗe makulli da kansa.

Sai wuri ya yi tsit, ban da ɗis, ɗis. Autana ya sunkuyo ya dube ni ya ce, "Baba, an gama?"

A nan ne maƙwabcina ya yi gyaran murya. Ya ɗaga tsohuwar filtar, ya juya gindinta wajena, ya ce, "Malam, wannan kuwa ba ta da roba."

Ba ta da roba don robarta ta manne a jikin injin, ni kuma na ɗora sabuwa a kanta. Roba kan roba. Da mai ya taso da ƙarfi sai ya tura ɗaya waje. Kuskuren da kowane yaron gareji ya sani, kuma na karanta shi, wallahi na karanta, sai dai na tsallake shi don na ga bai kai matsayina ba.

Amma ku bar batun roba, ku dubi mutumin nan. Minti 20 filtar tana hannunsa. Na gan shi da wutsiyar ido yana jujjuya ta, yana sa yatsa a ramin da robar ya kamata ta zauna. Ya sani. Da na tambaye shi daga baya me ya hana shi magana, cewa ya yi, "Ai na ga kai ne malamin, na ce ko sabon ilimi ne." Sabon ilimi! Wannan fa shi ne wanda ya ari sifanata mai lamba 14 shekara biyu da suka wuce, kullum in na tambaya sai ya ce yana sane. Shi ne wanda ya ce launin motar "bai yi laifi ba." Kuma na lura tun kafin a tayar da mota ya ja kujerarsa baya taku uku. Ba tsautsayi ne ya sa shi matsawa ba, lissafi ne. Ko ɗigo bai taɓa takalminsa ba. Da yamma matarsa ta aiko a tambayi jikina, 'yar aiken ma dariya take.

Washegari na sa aka ja motar zuwa kamfani, don tsoro ya kama ni kada injin ya sha wuya. A hanya na haɗa hujja. Na shiga na ce wa mai karɓar motoci akwai doka ta 1975, Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan waje. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yallabai, dokar Amurka ce wannan. Kuma ko a can, in aikin mutum ne ya jawo ɓarnar, shi ke biya." Sannan ya dubi kunnena ya ce, "Roba biyu ko?" Ban gaya masa ba. Ashe ƙanin maman yara ya riga ni shiga.

Sun duba, injin lafiya lau, an kashe da wuri. Filtar da na zaɓa ma, in ji shi, ba ta da aibu. Duk da haka suka cire ta suka sa tasu, na biya, ban ce uffan ba.

Tawa tana nan kan kanta a leda tare da rasit. Tabon mai kuma ya ƙi fita daga siminti, na zuba yashi, na zuba omo. Jiya na ga maƙwabcin yana nuna wa wani baƙonsa wurin, da sifanata yake nunawa.