Jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York ya ishe mu

Ranar Asabar ɗin nan ƙarfe tara na dare na bar gida, aikin da sai sha ɗaya zan kama. Daga unguwarmu a Bronx zuwa ginin da nake gadi a Brooklyn, in komai lafiya, awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Sai sha biyu saura kwata na isa. An zaftare mini kuɗin minti arba'in da biyar, don a garin nan da awa ake biyan mutum, kuma oga ba ruwansa da labarin jirgi.

Ina sauka tasha na tarar da takarda manne a bango: babu jirgin D, wato na layin da nake hawa, a wannan yanki, ana gyaran layi, a hau bas. Wai bas ɗin kyauta ne. To an gode! Amma mutanen da taragai za su kwashe ne aka ce su cusu a mota ɗaya, ga sanyi, ga kowa rai a ɓace. Da ƙyar na samu ta uku. Da muka kai inda jirgi ke aiki, na ce alhamdulillahi, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Muna shiga rami ya fara jan ciki kamar hawainiya, can kuma ya tsaya cak. Aka yi wani gunaguni a lasifika wanda ko Baturen da ke gabana bai gane ba. Minti ashirin muna zaune.

Kusa da ni wata baiwar Allah ce 'yar Nijar, mai kula da wata tsohuwa a gida. Sai duba waya take yi, alhali a cikin rami ba sabis. Ta ce, "Malam, wadda zan canza tana da yara, ba za ta iya jirana ba. In ta tafi, wa zai ba tsohuwar magani?" Na ce, "Hajiya, sai haƙuri." Ni kaina na ji kunyar maganar. Haƙurin nan mun sha shi har ya fara fita ta hanci.

Kada wani ya ce mini ai jirgin ya tsufa. Mun sani. Tun 1904 aka buɗe shi, tashoshi 472, kuma har yau akwai wuraren da na'urorin ba jirgi hannu tun na shekarun 1930 ne. Guguwar Sandy ta 2012 ta cika ramuka da ruwan gishiri, ya ci ƙarfe ya ci wayoyi. Amma tsufa ba dare ɗaya yake zuwa ba, shekara da shekaru aka yi ana ɗage gyara. A watan Yunin 2017 jirgin A ya sauka daga kan layi kusa da titi na 125 a Harlem, mutane da dama suka ji rauni, saboda wani guntun ƙarfen dogo da aka ajiye ba a ɗaure shi da kyau ba. Kwana biyu bayan haka gwamna Andrew Cuomo ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan jirgin. Muka ce to, an farka. A 2023 kuɗin shiga ya tashi daga dala 2.75 zuwa 2.90. A Janairun 2025 aka fara karɓar dala 9 daga motocin da ke shiga tsakiyar Manhattan, aka ce kuɗin gyara ne. Kuɗi dai na shiga, mu kuma muna nan bakin layi muna kallon ɓeraye na wasan tsere, ruwa na ɗiga daga rufi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ake ɗora wa wahalar. Gyara sai tsakar dare, sai Asabar da Lahadi, wai lokacin da mutane ba su da yawa. Su wa ke nan ba mutane ba? Masu gadi, masu shara a asibiti, masu wanke kwanuka, masu jinyar tsofaffi, mu ne ke kan hanya a lokacin. Dama da dare sai ka yi minti ashirin kafin jirgi ya zo, in ka rasa ɗaya ka shiga uku. Mai ofis ya fito Litinin da safe ya tarar komai daidai, bai ma san an yi ba. Kuɗinmu ɗaya da shi a bakin ƙofa.

Leburorin da nake hangowa cikin rami da fitila a goshi ba ni da faɗa da su, su ma nema suka fito. Da masu tsara jadawalin nake. Ko sau ɗaya wani cikinsu ya tsaya a tashar Fordham Road da ke Bronx ƙarfe ɗaya na dare cikin watan Janairu yana jiran bas?

Jiya na ga sun liƙa sabuwar takarda, Asabar mai zuwa ma haka za a yi. Ƙarfe takwas zan fita, abincin dare a leda, Isha'i kuma sai a wurin aiki.