Wai wa ya raba manyanmu da kimiyya ne?

Jama'a ni fa abin nan yana damuna. A majalisa nan Mai Wurno, garinmu na Hausawa a Sudan, za a yi hirar siyasa, a yi ta ƙwallo, a yi ta farashin dawa har isha'i, amma da ka ambaci kimiyya sai babban mutum ya ce maka "ai ni adabi na yi". Shi kenan ya rufe ƙofa, tun ranar da aka raba su a sakandare, wasu ilmi (ɓangaren kimiyya) wasu adabi, ya sa a ransa wannan fannin na masu ƙwaƙwalwa ne. Su ma 'yan ilmin me aka ba su? Hadda ce zalla saboda jarrabawar shahada ta gama sakandare, ga bulala, ɗakin gwaji kuwa a littafi kawai yawancinsu suka gan shi, kuma ko sau ɗaya ba a yi musu bayani da harshen da suke magana da iyayensu ba.

To amma mutumin nan fa shi ne ya haɗa sola a gidansa tun da yaƙin 2023 ya lalata harkar wuta, ya san batir nawa zai ɗauki firji. Matarsa ta san zir, wato randar yumɓu, ya fi sanyaya ruwa in an ajiye shi inda iska ke kaɗawa. Ba wanda ya taɓa ce mata ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, in yana bushewa, shi ke tafiya da zafin. Da wannan sanin ne wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka daina saurin lalacewa, ya samu kyautar Rolex a 2000, dabarar ta zo har Darfur.

Wadda ta fi ci min rai ita ce tsargiya. Yaranmu na wanka a hanyoyin ruwan gonakin Jazira suna fitsarin jini, har gobe wasu na cewa alamar balaga ce, alhali tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata, tun 1851 wani likita Bajamushe, Bilharz, ya gano ta a Alƙahira, kuma maganinta na nan, praziquantel. Uban da aka zaunar aka yi masa wannan bayanin da Hausa wallahi zai saurara, don ɗansa ne.

Ɗalibanmu da jami'a ta tsaya musu, don Allah ku riƙa zama da iyayen nan bayan la'asar, ku bar su su yi tambaya, kar ku yi musu dariya, in ba ku sani ba ku ce za ku bincika. Ku fara da katantanwar, ku ɗebo ta a kwalba su gani da idonsu.